Fijo 504 ta ƙi zama a sulo, tana tari ta kabureta: a taimaka da shawara

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, injin lita 2 mai kabureta, ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a ajiye, na tayar da ita bara. Matsalar ita ce: da safe tana tashi lafiya, amma da inji ya ɗau zafi sai sulo (aikin inji a tsaye ba a taka totur ba) ya lalace, motar ta riƙa karkarwa har sitiyari na rawa a hannu. In na taka totur daga tsaye sai ta yi kamar za ta mutu, ta yi tari "fat" ta bakin kabureta, sannan ta ɗauka. A hawa kuma ba ƙarfi, allurar zafi na haurawa. Bakanike ya sa sababbin fulogi, ya wanke kabureta, ya sake wankewa, ya murɗa distiributa, mai raba wa fulogi wuta, da kunne. Ta yi kwana biyu da sauƙi ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce in sayo wata kabureta. Kafin in kashe kuɗin nake so in ji ta bakinku.

Ɗan Zamani:
Yaya, ka cire injin nan ka dasa na Toyota ka huta. Fetur yanzu ba na wasa ba ne tun da aka cire tallafi a 2023.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗan Zamani, ba a tambaye ka injin da za a dasa ba. Abban Sadik, kada ka sayi kabureta tukuna. Na yi shekaru ina jan 504 wagon tsakanin Kano da Jos, kuma yawancin abin da ake ɗora wa kabureta laifin wuta ne. Kabureta ce a sama, ita ido ke fara gani, shi ya sa kowa ke kai mata sukundireba. Ka fara da wannan: a bar injin ya yi zafi har ya soma karkarwar, sai a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, da filaya mai roba a hannu don kada wuta ta ja ka. Duk wadda aka zare inji ya ƙara lalacewa, silindar nan na aiki. Wadda aka zare ba a ji wani bambanci ba, nan ciwon yake. In duka huɗun suna canza murya daidai, to matsalar ta gama-gari ce. Ka zo mana da amsar wannan kafin komai.

Mai Sifana:
Baba Direba, da girmamawa, ni dai na ce kabureta ce. Tari ta sama ai ƙarancin mai ne. Motar da ta daɗe a ajiye, tsatsar tanki na bin layin mai ta toshe jet ɗin sulo. Ka wanke yau, gobe wata tsatsar ta sake zuwa. Shi ya sa ta yi kwana biyu da sauƙi. A sa filta tsakanin famfon mai da kabureta, a sauke tanki a wanke.

Tsohon Direba:
Maganar tanki gaskiya ce, Oga, a yi ta. Amma jet ɗin da ya toshe ba ya jiran inji ya yi zafi kafin ya nuna halinsa.

Mai Sifana:
Yana iya jira mana. Da safe cok a ja yake, yana ƙara mai, sai ya rufe aibin. Da an mayar da cok sai asiri ya tonu.

Tsohon Direba:
To, wannan kam ka kama ni. Amma zafin inji da rashin ƙarfi a hawa fa?

Baba Kakuri:
Ku biyun kowa na da rabin gaskiya, sai dai gardamar za ta kai mu dare in ba a auna komai ba. Abban Sadik, ɗana, injin nan da ke motarka ba shi da kwamfuta, ba shi da sensa. Abu uku yake so: matsi a cikin silinda, wuta a kan lokaci, mai da iska daidai gwargwado. Kuma a haka ake bin su, ba a tsallake. Kabureta ita ce ta ƙarshe, domin ba za ka taɓa saita ta daidai a kan injin da bawul ɗinsa ke yoyo ko wutarsa ke zuwa a makare ba. Za ka dai yi ta murɗa sukurun iska kana ɓoye wani ciwo da wani.

Ka tambayi bakanikenka yaushe rabon da a buɗe murfin bawul a auna tazara. A 504, inji a sanyaye, wanda ya kwana, bawul ɗin shigar mai 0.10 ne na milimita, na fitar hayaƙi 0.25. Na hayaƙin shi ke cin wuta, yana miƙewa in ya yi zafi. In tazararsa ta ƙare, da safe zai rufe da ƙyar, in ya yi zafi kuma ya ƙi zama a kujerarsa, matsi ya zurare. Abin da ka kwatanta ke nan, lafiya da safe, karkarwa da rana. Ban ce shi ne ba, na ce a auna.

Abban Sadik:
Na gode Baba. Gaskiya tun da na tayar da ita ba a buɗe murfin ba. Bakaniken ya ce tunda ba ta ƙarar tafet ba sai an taɓa ba.

Baba Kakuri:
Shirun ne ma abin tsoro. Bawul mai ƙara tazara ce ta yi yawa, kunne kawai yake damu. Wanda ya yi tsit shi ke ƙonewa.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Nan wajenmu 504 da 404 a-kori-kura har yanzu suna ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, don haka aikin bai bar hannunmu ba. Ga yadda muke saita bawul ɗin ba tare da ruɗewa ba. Ka juya inji da hannu har bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya danne gaba ɗaya, sai ka saita na shiga a 3 da na hayaƙi a 4. Ka juya har na hayaƙin 3 ya danne, ka saita shiga 4 da hayaƙi 2. In na 4 ya danne, shiga 2 da hayaƙi 1. In na 2 ya danne, shiga 1 da hayaƙi 3. Juyi biyu na inji ka gama duka takwas. Amma ka kula, a Fijo ana fara ƙirga silinda daga baya ne, ta wajen giya. Ta 1 ita ce ta kusa da gilashi, ta 4 ce ke kusa da lagireto. Jerin wuta 1, 3, 4, 2.

Wani abu kuma da ya keɓanta da injin nan: fulogi a cikin rami suke, can ƙasan bututu ta tsakiyar murfin bawul. In robar bututun ta tsufa, baƙin mai na taruwa a ramin, wuta ta riƙa bin man tana tserewa zuwa jikin inji. Ka haska tocila ka leƙa kowane rami kafin ka cire fulogin.

Mai Sifana:
Wannan na ramin fulogi gaskiya ne, na sha gani.

Abban Sadik:
To ga rahoto. Mun yi gwajin zare waya. Ta 1, ta 2 da ta 4, a ƙirgen Malam na Maraɗi, kowacce aka zare inji kamar zai mutu. Ta 3 kuwa da ƙyar ake jin bambanci. Ramukan a bushe suke sai na 4 da ke da ɗan danshi. Fulogin 3 ya yi baƙi-baƙi, sauran ukun fari fat, kamar an goge su da alli. Mun aro ma'aunin matsi, daga silinda 1 zuwa 4: 140, 138, 95, 142.

Tsohon Direba:
Alhamdulillahi. Ka ga kabureta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu, ba za ta zaɓi ta 3 ta yi mata rowa ba.

Mai Sifana:
Amma Baba ka ji ya ce ukun fari fat. Fari ai ƙarancin mai ne ko zafi. Ban janye maganata ba.

Ɗan Zamani:
95? Injin ya gama yawo. Ringi ne. Na faɗa tun farko.

Baba Kakuri:
Yaro, ka yi haƙuri mu gama. Abban Sadik, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogin 3, ka sake aunawa. In lambar ta yi tsalle sama, ringi ne, don mai ya toshe gefen fistin na ɗan lokaci. In ta tsaya inda take, sama ne, wato bawul. Da a ce silinda biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, da sai mu zargi gasket. Kuma ko menene sakamakon, kada ka yarda a cire kan inji kafin a saka filagej, siririn ƙarfen auna tazara, a ƙarƙashin tafet. In ma ta kai ga cirewa wata rana, ka tsaya a kansu: silindar 504 hannun riga ce da ake zurawa, ruwa na zagaye ta. In aka juya karanshaf kai a cire ba a danne su ba, sai su ɗaga, abin da ke toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Gyaran yini ɗaya ya koma sauke inji.

Abban Sadik:
Mun zuba mai, ta tashi daga 95 zuwa 100 kawai. Washegari da sassafe muka buɗe murfi. Baba, bawul ɗin hayaƙi na 3 ko siririn filagej na 0.05 ya ƙi shiga. Sandar turawar ma ba ta juyuwa da yatsa. Na 2 yana wajen 0.15. Mun saita duka yadda aka faɗa. Matsin 3 ya dawo 128. Sulo ya gyaru sosai, sitiyari ya daina rawa. Amma tarin nan in an taka totur yana nan, kuma jiya a hanyar Samaru allura ta sake haurawa.

Baba Kakuri:
Madalla. 128 na nufin bakin bawul ɗin ya ɗan ji jiki amma bai ƙone ba. Ka yi tafiya da ita, bayan wani lokaci ka sake auna tazarar. In ta sake rufewa da wuri, kujerar bawul ce ke nutsewa, sai a yi maganar cire kai. Yanzu mu koma wuta.

Mai Sifana:
Taimin, wato lokacin tashin wuta, ai an riga an saita. Ni ma da kunne nake yi, shekara ashirin ban taɓa riƙe fitila ba. Ka murɗa har inji ya yi ƙara mafi daɗi, ka ɗan dawo baya kaɗan, ka ɗaure.

Baba Kakuri:
Oga, ban raina kunnenka ba, amma ka duba abin da ya faru a nan. An saita da kunne a kan inji mai tafiya da silinda uku da rabi. Daɗin da kunnen ya ji a ranar, na gurgun inji ne. Sannan a sulo, ba kaya, inji kullum ya fi son a kai wuta gaba, yana ƙara gudu yana daɗin ji, sai an hau tudu da kaya ka ji yana ƙarar kacau-kacau, wadda ke cin kan fistin. In kuma aka ji tsoron haka aka dawo baya da yawa, wutar ta makara: mai na ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin ya tafi kan inji da salansa maimakon ya tura fistin. Shi ke kawo rashin ƙarfi da hawan allura. Kuma distiributa rabin gudun inji take yi, don haka digiri ɗaya da ka murɗa a jikinta digiri biyu ne a karanshaf. Tsakanin daidai da ɓarna bai kai kaurin farce ba.

Kafin ma a taɓa taimin, a fara da kwantak, ɗan makunnin cikin distiributa mai buɗewa da rufewa don wuta ta tashi. Tazararsa 0.40 na milimita idan dunduniyarsa na kan ƙololuwar kusurwar shaf. Dunduniyar nan tana cinyewa, tazara ta ragu, kwantak ya riƙa buɗewa a makare, taimin ya ja baya da kansa ba wanda ya taɓa noti. Shi ya sa duk wanda ya saita taimin sannan ya dawo ya gyara kwantak ya rushe aikinsa.

Tsohon Direba:
Mu a da ba mu da fitilar taimin. Ƙwan fitilar mota muke ɗaura wa waya biyu, ɗaya a ƙafar kwayil da ke zuwa distiributa, ɗaya a jikin inji. A kawo alamar da ke jikin fulin gaban inji daidai inda ake so, a kunna makulli ba tare da an tayar ba, a sassauta distiributa a murɗa a hankali. Daidai inda ƙwan ya kama, nan kwantak ya buɗe, nan wuta ke tashi. A ɗaure. Ko a dajin Falgore ka lalace za ka iya yin wannan.

Ɗan Maraɗi:
Haka ne Baba. Tsofaffin ma, irin 404 da 504 na farko, akwai ɗan rami a jikin gidan kuloci. Ka zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 kana juya inji a hankali, sai ya faɗa cikin tsagar filawil, to nan ne wurin wuta. Sai dai ka tuna ka zare shi kafin ka buga kik. Maganar digiri kuma ta danganta da shekarar mota da irin distiributar, Ducellier ce ko Paris-Rhône, akwai lamba a jikinta. Yawanci dai tsakanin 5 da 10 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Tawa 505 ce, ita kuma sai ta yi tafiya mai nisa take mutuwa, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Shi ma bawul ne?

Mai Sifana:
Hajiya, naki ya fi kama da kwayil ko kwandansa, in mai kwantak ce. In ta mutu, nan take a cire babbar wayar kwayil daga murfin distiributa, a kusantar da ita jikin inji a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara lafiya, ja-ja mai rauni ko babu, an kama ɓarawo. In wuta na nan, a duba ko fetur ne ke tafasa a layi.

Admin:
Hajiya a buɗe wa 505 nata zaren daban don kada amsoshi su cakuɗe. A ci gaba.

Abban Sadik:
Yau mun samu fitilar taimin wajen wani mai gyaran wayarin. Kwantak mun tarar da shi kusan a rufe, fuskarsa ta yi rami a gefe ɗaya da tsini a ɗayan. Mun sa sabo da kwandansa. Amma ga abin mamaki: in muka saita 0.40 a kusurwa ɗaya, muka juya zuwa ta gaba, sai mu ga ta canza. Da muka haska fitila kuma alamar fuli ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana ta kai da komo.

Ɗan Zamani:
Sarƙar taimin ta saki. A buɗe gaban inji.

Baba Kakuri:
Wannan karon maganarka na kan hanya, sarƙa ce ke jan kamshaf a injin nan, kamshaf kuma ke jan distiributa, don haka sarƙa mai sako-sako na iya sa alama rawa. Amma ana gane ta ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. A cire murfin distiributa, a sa sifana a notin fuli, a juya inji gaba har rota, abin da ke juyawa a kan shaf ɗin distiributa, ta motsa, sannan a juya baya a hankali ana kallon rota. In ta bi nan da nan, sarƙa lafiya. In fuli ya yi tafiya mai yawa rota na tsaye, ta saki. Sai dai sarƙa ba ta canza tazarar kwantak daga kusurwa zuwa kusurwa. Abban Sadik, kama kan shaf ɗin da yatsu biyu ka girgiza shi gefe da gefe, ka gaya mini abin da ka ji.

Tunda murfin na buɗe, ka ƙara biyu. Murɗa rota da hannu ta bangaren da take juyawa ka saki, ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta, alamar ƙarafan da ke kai wuta gaba in gudu ya ƙaru ba su daskare ba. Sannan ɗan gwangwanin da ke manne a gefen distiributa, mai siririn tiyo zuwa kabureta: cire tiyon ta wajen kabureta ka tsotsa da baki. Farantin da kwantak ke kai ya motsa, in ka toshe da harshe ya tsaya a nan.

Abban Sadik:
Sarƙa lafiya, rota na bi nan take. Shaf kuwa yana lilo har ana jin ƙas-ƙas, ina ganin kwantak na buɗewa da rufewa da girgizar hannuna kawai. Rota ta murɗu amma ba ta dawowa sai an tura ta. Gwangwanin kuma na tsotsa, iska kawai nake sha, ba abin da ya motsa.

Tsohon Direba:
To ai distiributar ce gaba ɗaya ta tsufa. Bushin ya cinye, ƙarafa sun daskare, fatar gwangwani ta yage. Motar na tafiya da taimin ɗin sulo a kowane gudu, ba mamaki ta yi zafi a hawa.

Mai Sifana:
Kuma fatar da ta yage ƙofa ce da iska ke shiga kabureta ba lissafi, daidai lokacin da aka fara taka totur. Ga farin fulogi, ga tari. Na ce ƙarancin mai ne, ai ga shi.

Tsohon Direba:
Ka ce a sayi filta a wanke tanki, Oga.

Mai Sifana:
Har yanzu ina nan a kan a wanke shi. Kuma in an gama a leƙa bakin kabureta, inji a kashe, a taka totur a ga ko famfon tsartuwa na feso mai. In bai feso ba tarin ba zai tafi duka ba.

Baba Kakuri:
A duba, bai ɓaci ba. Abban Sadik, hanya biyu ce. Ko mai injin tanin, mai sassaƙa ƙarfe, ya yanka maka sabon bushi, a wanke ƙarafan a shafa musu mai, a nemo gwangwani. Ko ka nemi wata distiributar ta hannu mai lafiya, a Panteka ko Ƙofar Ruwa ba za a rasa ba. In za ka saya, ka tafi da taka a hannu a gwada lambar jikinta, don ta injin 1.8 za ta shiga ramin amma yadda take kai wuta gaba daban ne. Ka girgiza shaf ɗin ka tsotsi gwangwanin a gaban mai shagon kafin ka biya. Ranar saitawa da fitila kuma a cire tiyon a toshe shi.

Ɗan Zamani:
Ko a sa mata na lantarki mara kwantak, a daina wannan auna-aunar.

Baba Kakuri:
Wannan ba laifi, yana aiki, kuma ba ya damuwa da ɗan lilon shaf kamar kwantak. Amma ba ya tayar da ƙarafan da suka daskare, ba ya ɗinke fata. Sai an gyara jikin tukuna. A kuma tabbata kwayil ɗin ya dace da shi.

Tsohon Direba:
Ni dai kwantak. In ya lalace a hanya da sandfefa da sukundireba zan kai gida. Na lantarki in ya mutu sai janwe.

Ɗan Maraɗi:
Abban Sadik, turo mini hoton lambar da ke jikin taka ta akwatin sirri. Akwai wani dattijo nan da ke da Ducellier cike da kwali, zan duba maka ranar kasuwa. In an dace sai in ba direban Katsina, kai kuma ka sa a karɓa a tasha.

Abban Sadik:
Allah ya saka da alheri Malam, zan turo bayan la'asar. Kafin nan na toshe tiyon da ƙusa don iskar ta daina shiga, tarin ya ragu. Baba Kakuri, zan iya zuwa Funtuwa da ita a haka ranar Asabar, ko in jira?

Baba Kakuri:
Ka fesa wa ƙarafan nan mai ta ƙarƙashin faranti, ka yi ta murɗa rota har ta soma dawowa da kanta. In ta dawo, ka je a hankali, idonka a kan allura, da galan ɗin ruwa a but. In ta ƙi, ka hau motar haya.